Ibn Khaldun ne ya kafa ilimin zamantakewa, ko daga Faris Larabawa suka ɗauko shi?

Aminu
Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Littattafan da muke karatu da su a jami'a duk sun ce Bafaranshe Auguste Comte ne uban ilimin zamantakewa, shi ya raɗa masa suna a wajejen 1838. Malaman Larabci kuma suna cewa Ibn Khaldun ya riga shi da fiye da shekara 450. To idan maganarsu ce daidai, me ya kai Larabawan da kansu Faris, babban birnin Faransa, neman wannan ilimi? Ina ya shige a tsakani?

Malam Abu Hafsa
Wa alaikumus salam Aminu. Maganar malaman Larabci ce daidai, kuma hujjar tana cikin littafinsa, Muƙaddima.

An haifi Abdurrahman Ibn Khaldun a Tunis a 1332, ya rasu a Alƙahira a 1406. Yana saurayi annobar nan ta 1348 ta ɗauke masa iyaye da malamai da dama. Ya yi wa sarakunan Fas da Garnaɗa da Bijaya hidima, ya sha ɗauri, ya ga yadda mulki ke tashi ya faɗi da idonsa. Da ya gaji sai ya keɓe a wata ganuwa da ake kira Ƙal'atu Ibn Salama, cikin Aljeriya ta yau, a nan ya rubuta Muƙaddima a 1377. Shi da kansa ya ce cikin wata biyar ya gama zubin farko.

Abin da ya tunzura shi kuwa ƙaryar da ta cika littattafan tarihi. Ya kawo misalin al-Mas'udi da wasu da suka ce mayaƙan Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa sun kai 600,000. Bai tsaya kan waye ya ruwaito ba. Sai ya tambaya: wace ƙasa ce za ta ciyar da wannan runduna? Wane fili za su yi sahu a ciki? Daular Farisa da ta fi su girma nesa ba kusa ba, mutum 120,000 ta iya tarawa a yaƙin Ƙadisiyya da ta yi da Musulmi. Kuma kakanni nawa ne tsakanin Annabi Yaƙub da Annabi Musa da zuriya za ta yaɗu haka? Wato labari ba ya inganta sai ya dace da ɗabi'ar zaman jama'a. Don haka dole a san ita ɗabi'ar. Ya ce wannan ilimi ne mai zaman kansa, yana da abin da yake nazari, wato umran, zaman ɗan'adam tare da 'yan'uwansa, yana kuma da mas'alolinsa. In wannan ba kafa fanni ba ne, mene ne kafa fanni?

Dakta Hadiza
Allah ya gafarta Malam, duk abin da ka faɗa game da mutumin haka yake, ni ma ina koyar da shi. Amma tambayar Aminu ta biyu ita ce mai nauyi, kuma ba ka taɓa ta ba. Fanni ba littafi guda ba ne, komai girmansa. Nahawu ya zama fanni ne saboda bayan Sibawaihi, babban malamin nahawun Larabci, makarantar Basra da ta Kufa sun ci gaba da aikin, an yi sharhi, an yi raddi, an yi matanin da yara ke haddacewa. Ilimin umran bai samu wannan ba. Almajirinsa al-Maƙrizi ya yi amfani da tunaninsa wajen bayanin yunwa da lalacewar kuɗi a Masar. Ibn al-Azraƙ na Andalus, wanda ya rasu a 1491, ya tsara ra'ayoyinsa kan mulki. Daga nan sai shiru a ƙasashen Larabawa. Turkawan daular Usmaniyya ne suka riƙe shi, irin su Katib Calabi da Na'ima, don suna neman dalilin raunin daularsu, har suka fassara mafi yawan Muƙaddima zuwa Turkanci a wajejen 1730.

Ba a buga Muƙaddima da injin ɗab'i ba sai 1857 a Bulaƙ ta Masar, sannan a Faris a 1858. Lokacin Comte ya gama nasa rubutun. Saboda haka fannin da ake koyarwa yau a Alƙahira da Bagadaza da Rabat ba ta hannun almajiran Ibn Khaldun ya iso ba. Ta Faransa ya biyo.

Malam Abu Hafsa
Dakta, shiru bai kai yadda kika faɗa ba. Shaihu Muhammad Abduh ya karantar da Muƙaddima a Darul Ulum ta Alƙahira tun 1878. Kafin shi Rifa'a al-Ɗahɗawi ya zauna a Faris daga 1826 zuwa 1831, ya dawo ya rubuta yadda Faransawa ke rayuwa, daga tsarin mulkinsu har teburin cin abincinsu. Khairuddin na Tunis ya fitar da littafinsa kan halin dauloli a 1867, yana kafa hujja da Ibn Khaldun. Kuma kar a manta al-Biruni, wanda ya koyi yaren Sanskrit don ya bayyana addini da al'adun Indiyawa daga bakinsu a wajejen 1030.

Dakta Hadiza
Na yarda da sunayen, Malam. Sai dai ka duba: in ka cire al-Biruni, wanda ya riga Ibn Khaldun ma, duk sauran mutanen ƙarni na 19 ne, bayan Turawa sun ƙwanƙwasa ƙofa. Su masu neman gyara ne, ba masu fita bincike ba.

Ga yadda abin ya shigo jami'a. An buɗe Jami'ar Masar a 1908, ta koma hannun gwamnati a 1925, a shekarar aka buɗe sashen ilimin zamantakewa. Waɗanda suka fara riƙe fannin kusan duk 'yan jami'ar Sorbonne ta Faris ne. Mansur Fahmi ya rubuta kundinsa a 1913 kan matsayin mace a tarihin Musulunci, da ya dawo gida aka yi masa ca, ya rasa kujerarsa na wasu shekaru. Ɗaha Husain ya rubuta nasa kundin a kan Ibn Khaldun ƙarƙashin Durkheim, babban masanin fannin na Faransa, wanda ya rasu a 1917 kafin ɗalibin ya kare aikin. Kuma shi Ɗaha Husain, Balaraben Masar, bai yarda Ibn Khaldun ya kai a kira shi wanda ya kafa wannan fanni ba. A ganinsa falsafar zaman jama'a ya yi don ta yi wa tarihi hidima. Littafi na farko da Larabci mai ɗauke da sunan fannin, Niƙola Haddad ne ya rubuta shi a 1924. Turawan Ingila ma sun koyar a can: Evans-Pritchard a Alƙahira a farkon shekarun 1930, Radcliffe-Brown a Iskandariyya a ƙarshen shekarun 1940.

Malam Abu Hafsa
Ɗaha Husain ya auna Ibn Khaldun da mudun malamansa ne. Kuma an ba shi amsa. Saɗi' al-Husri ya yi masa raddi filla-filla a nazarinsa kan Muƙaddima na farkon shekarun 1940. Ali Abdulwahid Wafi ma ɗan Sorbonne ne, ya san Durkheim ciki da waje, amma ya ƙare rayuwarsa yana kare cewa Ibn Khaldun ne na farko, shi ya yi wa Muƙaddima tahƙiƙin da aka fara fitarwa a 1957.

Isufu na Damagaram
Salamu alaikum. Ku bar ni in shigo da ɓangaren Magrib, don mu da muka yi karatu da Faransanci ta can muka fi sani, kuma labarin can ya sha bamban da na Masar.

A Aljeriya da Maroko wannan ilimi da kakin soja ya shigo. De Slane, wanda ya fassara Muƙaddima zuwa Faransanci a shekarun 1860, tafintan rundunar Faransa ne a Aljeriya, kuma tarihin Barbar ('yan asalin Arewacin Afirka) na Ibn Khaldun ya fara fassarawa saboda masu mulki suna bukatarsa. A Maroko sun kafa hukumar bincike tun 1904, kafin su karɓe ƙasar a 1912. Suka bi ƙabila-ƙabila da zawiya-zawiya suna rubutawa. Suka ɗauki maganganun Ibn Khaldun suka gina ra'ayin cewa Balarabe da ɗan Barbar ba sa ga maciji, har ta kai su ga dokar 1930 da ta nemi raba Barbar da kotunan shari'a. Kun ga an yi amfani da shi a kan jikokinsa.

Shi ya sa bayan samun 'yanci masanan can suka tashi da tambaya guda: ya za mu yi da ilimin da aka ƙera don a mallake mu? Aljeriya ta kori nazarin ƙabilu daga jami'a a farkon shekarun 1970. Abdulkabir al-Khaɗibi na Maroko ya ce kora ba ta isa ba, suka biyu ake bukata: a soki ilimin Turawa, a kuma soki gadon gida, kada a tsarkake ɗaya don an ji haushin ɗayan. Shi ya shugabanci cibiyar ilimin zamantakewa ta Rabat daga 1966, gwamnati ta rufe ta a 1970 saboda tana ganin can ake ƙyanƙyashe 'yan adawa.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Abdulmalik Sayad. Shi da masanin Faransa Bourdieu suka shiga sansanonin da sojan Faransa suka tara ƙauyawan Aljeriya, kimanin mutum miliyan 2, suka rubuta yadda raba manomi da gonarsa ke rusa shi. Daga baya ya bi 'yan ci-rani a Faransa, ya nuna ɗan ci-rani ba ya nan sau biyu: a gida babu shi, a can kuma ba a lissafa shi. Duk wanda ke da ɗan'uwa a Libiya ko Aljeriya ya san wannan magana.

Nafisa
Malamaina ku yi haƙuri, ni akwai abin da ya hana ni sakin jiki da Ibn Khaldun. Na karanta inda ya siffanta baƙaƙen fata da rashin natsuwa da son rawa, har ya ce suna saurin miƙa wuya ga bauta. Ta yaya zan kira wannan uban ilimin da zan nazarci al'ummata da shi?

Malam Abu Hafsa
'Yata, ya faɗa, kuma kuskure ne babba, ba zan kare shi a nan ba. Ya ɗauko ra'ayin Girkawa ne na cewa yanayin ƙasa ke ƙera ɗabi'a, ya yanke hukunci kan mutanen da bai taɓa zama cikinsu ba. Ya saɓa wa ƙa'idar da shi ya kafa. Inda ya bi ƙa'idar kuwa ya yi kyau: jerin sarakunan Mali da masana ke dogaro da shi har yau daga wurinsa yake, kuma ya tambayi mutanen ƙasar ne, kamar Shaihu Usman, faƙihin tsohuwar ƙasar Gana, da suka haɗu a Masar a 1394. Ya kuma ƙaryata tatsuniyar cewa baƙar fata tsinuwa ce da ta bi zuriyar Ham ɗan Annabi Nuhu. Ahmad Baba na Tambutu ya kafa hujja da wannan a fatawarsa ta 1615, inda ya lissafa mutanen Kano da Katsina da Gobir da Barno cikin Musulmin da bai halatta a bautar ba.

Larabawan ma bai bar su ba. Akwai babin da ya ce in sun ci ƙasa da yaƙi ba ta daɗewa take rushewa, al-Husri ya sha wahala yana bayanin cewa mazauna daji yake nufi.

Nafisa
Na gode Malam. To ashe sukan nan biyu da Malam Isufu ya ambata dole ya hau kan Ibn Khaldun shi ma.

Baba Alhaji Sale
Ni ba ɗan jami'a ba ne, ɗan kasuwa ne mai son karatu, kuma na ga har yanzu ba wanda ya ambaci mutumin da na fi ƙauna cikinsu, Ali al-Wardi na Iraƙi. An haife shi a Kazimiyya a 1913, ya rasu a 1995. Ya yi karatu a Bairut, ya yi digirin dakta a Texas ta Amurka a 1950, kuma a kan Ibn Khaldun ya yi shi. Shi bai tsaya yabo ba, aiki ya ba tsohon. Ya ɗauki rikicin nan na ƙauyanci da birnanci ya duba Iraƙi da shi. Ya ce mutumin Iraƙi yana ɗauke da hali biyu: a masallaci da makaranta ana koya masa tawali'u da bin doka, a unguwa kuma wanda ake girmamawa shi ne mai ƙarfi, mai ɗaukar fansa, mai kare dangi ko da kan zalunci ne. Yana faɗin na farko da baki, yana aiki da na biyu.

Littafinsa na 1954 kan masu wa'azin fada ya tada ƙura sosai. Ya ce mai wa'azin da ke tsorata talaka da wuta kan ƙaramin laifi, ya kau da kai daga zaluncin mai mulki, shi ke ƙara wa jama'a wannan hali biyu. An yi ta rubuta masa raddi. Abin da ya sa ake karanta shi har gobe, da harshen da mai shayi zai gane ya yi rubutu, kuma misalansa daga gidajen shayin Bagadaza ya kwaso su.

Dakta Hadiza
Baba, Allah ya ƙara girma, ka kawo mu inda nake so. A wurina waɗanda suka gaji Ibn Khaldun da gaske su ne irin al-Wardi, ko da ana sukarsa da cewa ya yi wa dukan 'yan Iraƙi kuɗin goro. Masu tsayawa kan "mu muka riga su" kuwa sun yi kama da wanda ya gaji gona, yana nuna wa baƙi iyakarta, bai taɓa kai mata fartanya ba.

Bari in ƙara da Sayyid Uwais na Masar, wanda ya yi aiki a cibiyar binciken zamantakewa da laifuka ta ƙasa da aka kafa a Alƙahira a tsakiyar shekarun 1950. Ya lura talakawa suna aika wasiƙu ta gidan waya zuwa ƙabarin Imam Shafi'i, mutumin da ya rasu fiye da shekara dubu. Wani zai ce jahilci ne ya wuce. Shi sai ya tattara wasiƙun ya karanta. Ya tarar mafi yawansu ƙara ce: an ƙwace mini gona, an yi mini sata, an zalunce ni, ka yi mini hukunci. Mutanen da suka yanke ƙauna daga kotun duniya ne suke kai ƙara wata kotu ta ɓoye. Ya buga wannan a 1965. A 1971 kuma ya fitar da nazarin rubuce-rubucen da direbobi ke yi a jikin motocinsu, ya kira su kukan marasa murya. Duk lokacin da na bi bayan babbar mota a hanyar Zariya na karanta abin da ke jikinta, sai na tuna shi. Ba daga Faris ya samo waɗannan tambayoyin ba, titin garinsu ne ya ba shi.

Aminu
Dakta, to me ya sa irinsu ba su yi yawa ba?

Dakta Hadiza
Hukuma ce babban dalili. Wannan ilimi tambaya ce sana'arsa: wa ke da ƙasa, wa ke cin riba, me ya sa matasa ke fushi. Bayan kayen da Larabawa suka sha a yaƙin 1967 da Isra'ila an samu guguwar sukar kai. Sadiƙ Jalal al-Azm ya fara a 1968. Hisham Sharabi ya bi diddigin yadda tarbiyyar gida, inda uba ke da magana shi kaɗai, take haifar da ɗan ƙasa mai biyayya ga azzalumi. Faɗima Marnisi ta Maroko ta buɗe maganar mata da iko a 1975. Hanna Baɗaɗu ya fitar da ƙaton aikinsa kan azuzuwan jama'ar Iraƙi a 1978, Halim Barakat nasa kan al'ummar Larabawa a 1984. Amma ka duba, da yawansu a Amurka suke koyarwa, ko da harshen waje suka fara bugawa.

Na cikin gida kuwa, Sa'aduddin Ibrahim ya shiga kurkukun Masar ya zauna da matasa masu ɗaukar makami da sunan addini, ya gano yawancinsu ba jahilai ba ne, masu ilimin kimiyya ne 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi da suka shigo birni. Ya kafa cibiya da sunan Ibn Khaldun a 1988. An kama shi a 2000, aka yanke masa shekara 7, sai a 2003 babbar kotu ta wanke shi. A Masar ba ka raba takardar tambayoyi ga jama'a da yawa sai da izinin hukumar ƙididdiga. Malamin da ke da iyali sai ya zaɓi ya zauna ofis ya haɗa littafin gabatarwa daga fassarori, ya sayar wa ɗalibai.

Malam Abu Hafsa
Akwai dalili na biyu, Dakta. Jama'a ba su amince da fannin ba saboda ya zo musu da rigar da ke ɗaukar addini abin da zai shuɗe. Shi ya sa Isma'il al-Faruƙi da abokansa suka kafa cibiyarsu a Amurka a 1981 suna kiran a musuluntar da ilimi. Wasu kuma suka ce a'a, na Larabawa za a gina, aka kafa ƙungiyar masana fannin ta Larabawa a 1985. Ni ina ganin kiran al-Faruƙi yana da tushe. Ba za ka fahimci al'ummar da ke tashi sallar asuba ba in ka shigo da yaƙinin cewa imaninta alamar ci-baya ne.

Dakta Hadiza
Wannan jumla ta ƙarshe na sa mata hannu. Inda nake da ja shi ne ɓangarorin biyu sun ɓata shekaru suna muhawara kan sunan da za a sa wa fannin da ƙa'idojinsa, binciken fili da suka haifar kaɗan ne. Uwais bai jira an gama wannan muhawara ba, kuma bai raina masu wasiƙun ba.

Isufu na Damagaram
Sai matsalar harshe, wadda mu ma muna cikinta. Ɗan Rabat na rubutu da Faransanci, ɗan Bairut da Ingilishi, ɗan Alƙahira da Larabci, ba sa karanta juna. Sari Hanafi, Bafalasɗinen da ke koyarwa a Bairut, ya yi nazarin wannan. Ya nuna mai bugawa a mujallun waje yana samun ƙarin girma amma mutanensa ba su san me ya ce ba, mai bugawa da Larabci kuma duniya ba ta jin sa. Shi ne Balarabe na farko da ya shugabanci ƙungiyar masana fannin ta duniya, daga 2018 zuwa 2023. Yanzu akwai mujallu da Larabci masu tantance aiki sosai, kamar Idafat, da Umran da ake fitarwa daga Doha tun 2012. Ni da Dakta ma da ba don Hausa ba, da ba mu tattauna haka ba, ita da Ingilishinta ni da Faransancina.

Nafisa
Malam, in mutum zai fara Muƙaddima, daga ina zai kama? Girmanta na ba ni tsoro.

Malam Abu Hafsa
Ki karanta shimfiɗar da ya yi kan kurakuran masu tarihi, sannan ki tsallaka babi na biyu da na uku. A nan ne ya yi bayanin asabiyya, wato ƙarfin haɗin kan da ke sa jama'a su mutu don juna, da yadda take kafa daula, jin daɗi ya cinye ta cikin zuriya uku, kimanin shekara 120. A nan kuma za ki ga maganar haraji, cewa a farkon daula kuɗin da ake ɗora wa mutane kaɗan ne amma baitulmali na cika, a ƙarshenta an tsawwala amma abin da ke shigowa ya ragu. Ki nemi bugun Wafi saboda bayanansa na ƙasan shafi. Idan 'yan zaure sun yarda, zan riƙa ɗora fasali ɗaya duk Alhamis da fassararsa, Dakta ta kawo mana abin da masu binciken zamani suka samu a kan mas'alar, ko ya gaskata shi ko ya ƙaryata shi.

Dakta Hadiza
Na amince, Malam. Mu fara da fasalin harajin. Baba Alhaji kuma zai gaya mana yadda abin yake a kasuwa.

Baba Alhaji Sale
In sha Allahu. Rasiɗan shagona na nan a ajiye, zan kawo muku su ku gani.